SANƘARAU BA YA JIRAN GARI YA WAYE

Wannan jawabi ne da wani ɗan uwa ma'aikacin lafiya ya gabatar wa matasan Gwandu da Kalgo a wani zama da suka yi bayan sallar La'asar. Mun rubuto shi daga muryar da aka ɗauka, tare da ɗan taƙaita wasu wurare. A sha karatu lafiya.

 Bayan godiya ga Allah Ta'ala, da salati ga Manzon tsira da iyalan gidansa da sahabbansa, 'yan uwa, an ce in yi magana a kan kiwon lafiya. To, kiwon lafiya kogi ne, in muka ce za mu shiga ko'ina sai Magariba ta riske mu ba mu kama komai ba. Saboda haka na zaɓi cuta guda ɗaya, wadda duk wanda ke zaune a nan ya san ta, wasu ma sun ɗauki makara saboda ita. Ina nufin sanƙarau.

Ba sai na yi nisa ba. A cikin watan Maris na 2025, ana tsakiyar azumi, Kwamishinan Lafiya na wannan jiha tamu ya fito ya shaida wa 'yan jarida cewa an sami mutum 248 da ake zaton sun kamu, kuma 26 sun rasu. A cikin 26 ɗin nan, 15 daga ƙaramar hukumar Gwandu suke, 6 daga Jega, 4 daga Aliero, 1 daga Argungu. Wato fiye da rabi namu ne. Kuma wannan lissafin farko ne, bayan nan adadin ya ci gaba da hawa. Jami'ar jiha da ke Aliero sai da aka rufe ta aka sallami ɗalibai bayan rasuwar wasu daga cikinsu. Aka buɗe wuraren keɓe marasa lafiya a Gwandu da Jega da Aliero, likitocin ƙungiyar MSF suka zo suka taimaka. Ku lura da kyau, wannan lissafin waɗanda suka iso asibiti ne. Wanda ya cika a ɗakin mahaifiyarsa a can ƙauye, aka yi masa sutura da safe aka ce zazzaɓi ne ko iska, shi bai shiga takarda ba.

'Yan uwanmu na Kalgo kuma kada su ce ai mu sunanmu bai fito a cikin wancan jerin ba. Tsakanin Kalgo da Jega tafiyar minti nawa ce a mota? Kasuwa ɗaya muke ci, mota ɗaya muke shiga, ɗalibanmu suna kwana a ɗakuna ɗaya. Cutar nan ba ta san iyakar ƙaramar hukuma ba.

To mece ce ita wannan cuta? Allah cikin hikimarsa ya lulluɓe ƙwaƙwalwar mutum da lakar bayansa da wani tantani, a ƙarƙashinsa akwai ruwa garai-garai kamar ruwan sama. In ƙwayar cuta ta sami hanya ta shiga wannan ruwa, sai tantanin ya kumbura, ruwan ya gurɓace ya koma kamar ruwan tsari. Ƙoƙon kai kuwa ƙashi ne, ba ya buɗewa ya ba kumburi wuri. Shi ya sa ciwon kan yake da azaba, shi ya sa wuya yake sanƙarewa har aka samo sunan cutar daga nan, kuma shi ya sa mutum yake fita hayyacinsa.

Abin da zai ba ku mamaki shi ne inda ƙwayar take zama. Ba a rijiya take ba, ba sauro ke kawo ta ba. A maƙogwaron mutane take, can bayan hanci. A cikin mutum goma masu lafiya ƙalau, ana iya samun ɗaya yana ɗauke da ita bai sani ba, ba ya ciwo, yana cin tuwonsa yana zuwa gona. Lokacin annoba kuma masu ɗauke da ita sukan ƙaru. Kuma bincike ya nuna waɗanda suka fi ɗaukar ta a maƙogwaro su ne yara manya da samari. Wato ku. In ka yi tari ko atishawa, ko kuka kwana kai da kai da wani a ɗaki rufe, sai ta tashi daga maƙogwaronka ta koma nasa. Kai ba abin da ya same ka, amma ƙanenka ɗan shekara huɗu da kuke shan ruwa a moɗa ɗaya, shi ne za a kwana a kansa. Daga shigarta zuwa bayyanar ciwo kwana 2 ne zuwa 10, galibi kwana 4.

Sai mutum ya ce, to in tana nan a maƙogwaro shekara duka, me ya sa sai da rani take kisa? Tambaya ce mai kyau. Mu Allah ya ajiye mu a wani yanki da masana ke kira zirin sanƙarau, ya taso tun daga Senigal har Habasha, ƙasashe 26. Wani likitan sojan Faransa mai suna Lapeyssonnie shi ya fara zana taswirarsa a 1963, kuma ƙasar Hausa tana tsakiyarsa. Daga Disamba iskar hunturu za ta taso da ƙura da hazo. Ka ga yadda leɓenka ke tsagewa, ƙafarka ta yi faso? To haka cikin hancinka da maƙogwaronka suke bushewa su tsattsage, ga mura ga tari. Katangar da ke tsare ƙwayar ta sami kafa ke nan, sai ta faɗa cikin jini, daga jini ta haura kai. Ga shi kuma saboda sanyi mun toshe tagogi da tsumma da kwali, mun cunkushe a ɗaki ɗaya, wani ma da kaskon wuta. Abin yakan fara a hankali cikin sanyi, ya kai ƙarshen tsananinsa a Maris da Afrilu lokacin da zafin bazara ya kankama, sannan da ruwan sama ya sauka sai ya lafa kamar an yi ruwa an ɗauke. Tsofaffinmu sun san wannan lissafi tun kafin a rubuta shi a littafi. Kuma da yawa daga abin da duniya ta sani game da cutar a nan ƙasar aka gano shi, musamman a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, inda wani likita Bature, Brian Greenwood, da abokan aikinsa suka yi shekaru suna bincike a kanta a shekarun 1970.

Yanzu ku buɗe kunnuwanku, don nan ne wurin da rai yake. Alamominta a babba ko yaro mai wayo: zazzaɓi mai zafi da ya zo farat ɗaya, ciwon kai wanda mutum zai ce bai taɓa jin irinsa ba, amai, ƙin haske har ya riƙa rufe ido yana juya wa ƙofa baya, da sanƙarewar wuya. Gwajin da kowa zai iya yi shi ne, a kwantar da shi rigingine, a sa hannu a ƙeya a ɗago kan a hankali don haɓa ta taɓa ƙirji. In wuyan ya ƙi lanƙwasuwa, ko ya yi ƙara saboda zafi, to kada a tsaya shawara. Daga nan sai sambatu, sai magagi, sai jijjiga, sai suma. Wani kuma za a ga ɗige-ɗigen jini a ƙarƙashin fata, a fatarmu baƙa an fi ganinsu a tafin hannu, tafin ƙafa ko cikin fatar ido. Wannan alama ce ta cewa cutar ta mamaye jini, kuma ita ta fi saurin kisa.

Amma jariri daban ne, kuma ku gaya wa iyayenku mata da matanku wannan. Jariri sau da yawa wuyansa ba ya sanƙarewa. Abin da za a gani shi ne ya ƙi nono, ya yi ta wani irin kuka mai tsini, in an ɗauke shi kukan ya ƙaru maimakon ya lafa, ko kuma jikinsa ya saki ya yi laƙwas, maɗigarsa ta kumburo ta yi tauri. Kada a tsaya shafa wa maɗiga magani. Asibiti za a nufa.

Na ce kada a tsaya shawara, saboda cutar nan tana iya kashe mutum cikin awa 24. Saurayi ya yi sallar Isha'i da ƙafarsa, kafin Isha'in gobe an dawo daga maƙabarta. In ba a yi magani ba, kusan rabin waɗanda suka kamu mutuwa suke yi. In an yi magani da wuri, mafi yawa suna tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a cikin mutum 6 da suka kamu da irin wannan sanƙarau 1 yana rasuwa, kuma a cikin 5 da suka rayu 1 yana fita da tabo: kurumta, farfaɗiya, shanyewar wani sashe, ko raunin ƙwaƙwalwa. Ku duba garuruwanmu, kurame nawa kuka sani waɗanda aka haifa suna ji, har sun fara magana, sai wani zazzaɓin bazara ya tafi da jinsu? Yaro yana tsakiyar hadda, ya kai izu ashirin, a wayi gari ba ya jin muryar malaminsa. Bambanci tsakanin wanda ya tashi garau da wanda ya kurumce sau da yawa awoyi ne kawai.

To ina awoyin nan suke tafiya? Mu faɗa wa juna gaskiya. Daren farko, a ce shawara ce ko maleriya, a aika kemis a sayo farasitamol da maganin zazzaɓi. Zafin jiki ya ɗan sauka, a ce alhamdu lillahi ya samu sauƙi. Kashegari ya fara sambatu yana fisge-fisge, sai a ce a'a, wannan ba na asibiti ba ne, iska ce, a kira mai ruƙiyya, a turara hayaki a ɗaki rufe. Wani a kira wanzami ya yi ƙaho a ƙeya tun da wuya ne ya riƙe. Sai rana ta uku, da ya daina gane mutane, sannan a nemo mota. A iso asibiti da mutum a sume, in ya cika a ce ai ga shi nan, asibitin ma ba su iya ba. Ni ban hana kowa addu'a ba, wane ni. Yi tofinka, amma ka yi shi a bayan kabu-kabu kuna tafiya. Ƙwaƙwalwar da ta kumbura dole ta sa mutum sambatu, ba sai aljani ya shige shi ba.

Maganinta sananne ne, allura ce mai suna ceftriaxone, ana yin ta kwana biyar ko fiye, gwargwadon yadda likita ya gani. Ba kafso ba ne da za ka saya ƙwaya huɗu a tire. Kuma lokacin annoba a wuraren da aka keɓe kyauta ake yin ta, haka aka yi a 2025. Akwai babban asibiti a Gwandu, akwai na Kalgo, akwai Asibitin Tunawa da Sir Yahaya da asibitin tarayya a Birnin Kebbi. Wanda yake Dalijan ko Kambaza ko Diggi, ya fara da asibitin da ya fi kusa, su za su san inda za su tura shi.

Akwai wani abu da ke sa mutane gudu da marar lafiyarsu cikin dare, wato ɗibar ruwan baya. An baza cewa in aka soka wa mutum allura a gadon baya, ko ya mutu ko ya gurgunce. Bari in yi muku bayani. Lakar baya tana ƙarewa ne a sama da ƙugu, allurar kuwa a ƙasa da nan ake sa ta, inda ruwa ne kawai, a ɗebi abin da bai kai cokali ba. Waɗanda aka ga sun rasu bayan an ɗiba, cutar ce ta riga ta ci ƙarfinsu kafin a kawo su. Amfanin ruwan nan kuwa ya wuce kan marar lafiya shi kaɗai. Ita ƙwayar sanƙarau dangi-dangi ce, an sa musu haruffa: A, B, C, W, X, Y. Allurar rigakafin da ake kawowa lokacin annoba tana ajiye ne a wani rumbu na duniya, kuma ba a buɗe rumbun sai hukuma ta nuna shaida: ga adadin waɗanda suka kamu a mako, ga kuma dangin ƙwayar da aka tabbatar a ɗakin gwaji. Ƙa'idar ita ce, in aka sami mutum 10 cikin 100,000 a mako guda, an shiga annoba. A ƙaramin yanki kuwa mutum 5 a mako sun isa. To ka ga duk gidan da ya ɓoye marar lafiya, ko ya hana a ɗebi ruwa, ya rage lissafin, ya jinkirta zuwan allurar ga gari gaba ɗaya. A 2025 cutar ta fara tun wajen ƙarshen Janairu, amma allurai sama da miliyan ɗaya da aka turo wa Nijeriya sai a Afrilu suka iso. Akwai laifin hukuma a cikin wannan jinkiri, ba na wanke ta, jihar da ta san kowace bazara ga abin da ke zuwa bai kamata a same ta ba shiri ba. Amma mu ma muna da namu kason.

Na san abin da ke zuciyar wasunku tun da na ambaci allura, gara in faɗe shi da bakina. Kano, 1996. A shekarar nan aka yi annobar sanƙarau mafi muni da aka taɓa rubutawa a ƙasar nan, sama da mutum 100,000 suka kamu, sama da 11,000 suka rasu, har Saudiyya ta hana maniyyatan Nijeriya shiga aikin Hajji. Ana cikin wannan hali kamfanin Pfizer na Amurka ya zo asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano ya gwada wani sabon magani mai suna Trovan. Yara 200 aka sa a gwajin, rabi aka ba su Trovan, rabi aka ba su wani maganin don a kwatanta. Yara 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ake yi da 'ya'yansu ba. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su, bai amsa laifi ba, amma a 2009 ya sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Wannan abu ya faru, ba ƙage ba ne, kuma duk wanda ya ce talakan Arewa ba shi da dalilin yin zargi bai yi masa adalci ba. Wannan tabo yana cikin abin da ya sa aka ƙaurace wa rigakafin shan inna a 2003, cutar ta sake bazuwa har ƙasashen waje.

Amma mu yi wa abin kallon hankali. Trovan magani ne da ba a gama tantance shi ba, aka gwada a kan marasa lafiya. Allurar rigakafi kuwa ana yi wa mai lafiya ne, bayan an gama gwajinta an tantance. Darasin Kano shi ne a yi tambaya: mene ne wannan, wa ya kawo shi, hukuma ta san da shi, ina takardarsa? Haƙƙinka ne ka tambaya, kuma ma'aikacin da ya ƙi amsa maka ya yi kuskure. Amma wanda ya ce saboda an zalunci yaran Kano a 1996 shi ba zai kare nasa yaran ba, to wa ya hukunta? Pfizer ba ta san yana yi ba.

Kuma muna da shaida a gabanmu. Duk manyan annobar da iyayenmu suka gani, har da ta 1996, dangin A ne ya kawo su. A 2010 aka fito da wata allura mai suna MenAfriVac, wadda aka yi musamman saboda Afirka, wani kamfani a Indiya ya sarrafa ta a kan farashin da bai kai rabin dala ba. Aka fara da Burkina Faso da Mali da Nijar, Nijeriya ta shiga a 2011. Wasunku suna yara aka yi musu. An yi wa mutum sama da miliyan 300. Sakamakon fa? Dangin A, wanda ya yi shekara ɗari yana cika maƙabartunmu, tun 2017 ba a sake tabbatar da shi a wannan yanki ba. Waɗanda aka yi wa allurar suna yara ga su nan sun yi aure suna haihuwa, mai cewa tana hana haihuwa sai ya zo ya ƙirga mana.

To me ya sa har yanzu muke mutuwa? Saboda da A ya kau, sai C ya samu fili. Kuma abin takaici, a nan ƙasarmu wannan sabon nau'in na C ya fara ɓulla: jihar Sakkwato a 2013, ya shigo Kebbi a 2014, a 2015 ya kama sama da mutum 6,000 a jihohin biyu, Aliero na cikin inda ya fi tsanani, ya kuma haura Nijar ya yi ɓarna har cikin Yamai. A 2017 ya game Zamfara da Sakkwato da Katsina da Kebbi, sama da mutum 14,000 suka kamu a ƙasar, fiye da 1,100 suka rasu. Saboda haka wanda ya ce ai ni an yi mini tun ina firamare, to ta A aka yi maka, ba ta tsare ka daga C. Yanzu akwai sabuwa, ana ce mata Men5CV, ta haɗa dangi biyar a allura ɗaya: A, C, W, X da Y. Nijeriya ce ƙasar farko a duniya da ta fara amfani da ita, a watan Maris na 2024, kuma ita aka kawo mana nan a 2025, ana yi wa 'yan shekara 1 zuwa 29. Irin wannan allura tana da wata fa'ida da tsofaffin ba su da ita: tana rage zaman ƙwayar a maƙogwaro. Wato in kai saurayi ka karɓa, ka kare kanka, ka kuma rage yiwuwar kai wa jaririn gidanku da bai isa a yi masa ba. Sai dai tana ɗaukar kamar kwana goma zuwa mako biyu kafin ta kama jiki, don haka ba ranar da maƙwabci ya kwanta ake nemanta ba. Kuma in an zo yi, mun sha gani, mata da yara ne ke cika layi, samari suna gindin bishiya suna kallo, wai su sun fi ƙarfin allura. Ɗaliban da suka rasu a Aliero ba jarirai ba ne.

Gargaɗi ɗaya a nan. Kada tsoro ya sa wani ya je ya sayi allurar rigakafi a kasuwa ko wurin mai yawo da jaka. A 2015 da 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi shelar cewa an kama jabun allurar sanƙarau a Nijar, ga mu kuwa ga Dosso ga Gaya, kaya suna shigowa ta Kamba kullum. Allurar gaskiya a cikin sanyi ake ajiye ta, ma'aikatan hukuma ke yin ta, da kati, kuma ba a biyan ko sisi.

Saura magana ɗaya da ta shafi aƙida, ba zan tsallake ta ba. A 2017, ana tsakiyar mutuwa, gwamnan Zamfara na lokacin, Abdul'aziz Yari, ya danganta annobar da zunuban mutane, Sarkin Kano Muhammadu Sanusi na II ya fito fili ya ƙalubalance shi, ya ce a nemo allura. Har yau za ka ji wannan magana a majalisa. 'Yan uwa, babu mai musun cewa komai da ƙaddarar Allah yake, kuma tuba wajibi ne ko da annoba ko babu. Amma jariri ɗan wata takwas wane zunubi ya yi? Annobar Amwas da aka yi a ƙasar Sham ta ɗauki manyan sahabbai irin su Abu Ubaida da Mu'azu ɗan Jabal, wa zai buɗe baki ya ce alhaki ne ya kama su? In shugaba ya ce azaba ce, to ya sauke wa kansa nauyin sayen magani ke nan. In talaka ya ce azaba ce, sai ya ji kunyar fito da marar lafiyarsa. Koyarwar da muka gada a kan annoba ita ce kada na waje ya shiga, kada na ciki ya fita ya kai wa wasu, kuma a nemi magani. Mu mutanen Gwandu ma bai kamata a koya mana wannan ba. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda kabarinsa ke cikin garin nan, a cikin tarin littattafansa akwai Masalihul Insan, wanda ya haɗa maslahar addini da ta jiki a wuri ɗaya. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi rubuce-rubuce a kan magani, har da littafi sukutum a kan basir. Mutanen da ke fama da jihadi da mulki da karantarwa ba su ga neman lafiyar jama'a a matsayin raunin tawakkali ba.

To me ya rage a kanmu? Ni ba dogon tsari zan ba ku ba. Ku fara da inda kuke kwana. Shagon da aka yi don mutum uku, ku takwas ne a ciki, taga a toshe tun bara. Ku cire tsumman nan, iska ta ratsa. Da zafi ya shigo, wanda zai iya kwana a fili ya shiga gidan sauro ya kwana. Ku je wurin malaman tsangaya da ladabi, ba da gadara ba, ku duba ɗakunan da almajirai ke kwana, in akwai zauren da ba kowa a unguwa a roƙi mai shi a rage cunkoso. Almajiri ba shi da uwa a kusa da za ta taɓa goshinsa da dare, sau da yawa sai an tashi sallar Asuba ake lura bai motsa ba, don haka a sa babba ɗaya a kowane ɗaki ya riƙa dubawa. A shekarun nan azumi yana faɗowa ne a cikin lokacin cutar, masallatai suna cika da tahajjud da i'itikafi, to a buɗe tagogi da ƙofofi duka, kuma mai zazzaɓi da tari ya yi sallarsa a gida, ba a ce ya yi laifi ba. Mai tari ya rufe bakinsa da hannun riga ko ƙyalle. Ranar da ƙura ta yi yawa a rufe hanci, rawani ma ya isa. Masu zuƙar sigari da shisha kuma, hayaƙin yana ƙona maƙogwaro ya buɗe wa ƙwayar hanya, balle a ce bakin tiyo ɗaya mutum shida ke tsotsa. Masu ƙananan yara a kai su rigakafin yau da kullum har a kammala, domin akwai wasu ƙwayoyin daban da ke kawo wa jarirai sanƙarau, kuma allurar watannin farko tana tsare su.

Abu na ƙarshe shi ne abin hawa, don na ga nan ne aka fi yin asara. Ciwo ya tashi ƙarfe biyu na dare, babu mota, babu kuɗin mai, maigida ya ce a bari gari ya waye. Kafin mu watse a yau ina son kowace unguwa da ke nan ta fitar da mutum biyu masu babur da ɗaya mai mota ko Keke Napep, a rubuta lambobinsu a manna a ƙofar masallaci, a sanar a gidaje cewa ko ƙarfe nawa ne a buga. A tara ɗan abin da ya sawwaƙa a hannun mutum ɗaya amintacce saboda mai, kada a tsaya cinikin kuɗi da uban yaro a tsakar dare. Wanda ya kai marar lafiya kuma ya gaya wa ma'aikatan asibiti ƙauyen da aka fito da ko akwai wani mai irin ciwon a gidan, kuma waɗanda suka kwana ɗaki ɗaya da shi a sa musu ido har kwana goma. 'Yan Gwandu su zauna ta wannan gefe, 'yan Kalgo ta wancan, a kawo takarda da biro a fara rubuta sunaye, masu tambaya kuma ina nan har a kira Magariba.